Tafiyar Malam Aƙilu Zuwa Turunku a Kan Keke

Shekara goma sha ɗaya Malam Aƙilu ya yi yana koyar da labarin ƙasa a wata firamare cikin Birnin Zazzau, yana zana wa ɗalibai duwatsun Turunku da alli, alhali bai taɓa ganinsu da idonsa ba. Da hutun ƙarshen shekara ya zo, a 1987, sai ya ce wa matarsa Barira zai je, a kan kekensa, kuma a waje zai riƙa kwana.

"Motocin garin nan sun ƙare ne, Malam?" ta tambaya tana dariya. Amma washegari ta soma daka masa dambun nama.

Ya tura keken wurin Bahago, tsohon mai gyaran keke a Ƙofar Jatau, wanda a ƙuruciyarsa ya sha zuwa fatauci Kano a kan keke. Bahago ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Je ka ɗauro duk abin da za ka tafi da shi, in gani."

Aƙilu ya dawo da katifa, da rediyo, da risho, da tukunya biyu, da littattafai shida. Bahago ya ce masa ya hau ya je Ƙofar Kuyambana ya dawo. Tun a lungun farko gaban keken ya riƙa ɗagawa, ya kusa shiga tiren mai goro. Ya dawo yana haki, gumi ya jiƙa masa riga.

"To ka ji da jikinka," in ji Bahago. "Tabarma da bargo da gidan sauro, da tamfol ƙarami. Tukunya ɗaya. Buta, ashana, galan na ruwa. Mai nauyi ya zauna ƙasa, ka raba shi dama da hagu. Littafi ɗaya ya ishe ka."

Sannan ya sace iskar tayar baya, ya miƙa masa kayan faci. Sau uku Aƙilu yana cirewa yana mayarwa kafin tsohon ya gamsu. Ya ɗaure masa birki, ya zuba wa kaca mai.

"Ka tashi bayan asuba, rana ta yi tsaka ka nemi inuwa. Kada ka jira ƙishi kafin ka sha ruwa. Ranar farko kada ka nuna ƙarfi. In La'asar ta yi ka fara neman masauki, ka gai da mai gari tukuna. Kuma ko rafi ya bushe, kar ka shimfiɗa a cikinsa."

Ranar Talata Aƙilu ya fita. An gama girbi, gonaki duk kara ne, hanya shiru sai masu jakai. Wajen hantsi ƙaya ta huda tayar gaba. Ya zauna gindin ɗorawa ya yi facin a natse, har ya tsinci kansa yana murmushi shi kaɗai.

Da La'asar ya isa wani ƙauye, ya yi sallama da mai garin, Dogara. Da ya ce waje yake son kwana, dattijon ya dube shi da kyau.

"Malam, an yi maka laifi ne a gida?"

"Ko kaɗan, ranka ya daɗe. Sha'awa ce kawai."

Aka yi ta dariya, aka nuna masa gindin wata tsamiya kusa da masussuka. Kafin ya gama ɗaura gidan sauro an aiko masa da ƙwaryar fura da nono.

Washegari kafin azahar ya hango duwatsun. Sun fi na allonsa girma nesa ba kusa ba, kuma ba su da tsini kamar yadda yake zana su. Ya jingine keken, ya hau har rabi, ya zauna yana kallon shanu ƙanana can ƙasa. Ya so wurin ƙwarai, har ya ƙara kwana ɗaya, sai ranar Alhamis ya juyo.

Ranar Juma'a da hantsi ya shigo gida, fuska ta yi baƙi, yana tafiya a tale. Barira ta kai masa ruwan zafi bayi. Da ya fito ya kasa zama daidai, sai ya kishingiɗa a tabarma, ya ci tuwo malmala biyu yana ba ta labari, tana katse shi da tambayoyi har ladan ya kira salla.