Tes ɗin da ya shiga wayar Inno

Zinariya 'yar Malam Yero ba mai saurin fushi ba ce, amma ranar Larabar nan ko mayafi a karkace ta yafa. Ta dira daga mashin a ƙofar shagon kwamfuta na Rilwanu, can bakin jami'a a Dutsin-Ma, ta faɗa ciki ba sallama.

Ga yadda abin ya faro. Yarinyar nan ta karanta kwamfuta, irin masu zama su yi ta ƙwanƙwasa haruffa har inji ya yi abin da suka ce. Ta rubuta wasu 'yan layuka, kod suke ce masu, waɗanda ke tura wa masu ciki tes a tuna masu ranar awo. To abu in an rubuta sai an gwada. Maimakon ta ƙirƙiro suna, sai ta sa na ƙawarta ta tun firamare, Fiddausi, mai aure a Tamawa ta ƙasar Kurfi, da watannin cikinta, da lambar da take kiranta da ita. Fiddausi kuwa sau biyu tana ɓari, gari yana ta surutu. Wannan karon ta rantse ba mai ji sai ciki ya fito da kansa. Mijinta ne kaɗai ya sani, sai Zinariya.

Rilwanu, ɗan ƙanen babanta, ya roƙi kod ɗin zai nuna wa wani asibiti. Akwai shafin da masu sana'ar ke ajiye irin waɗannan guntaye, kowa ya ba ɗan'uwansa. Ta ɗora can, ta lura da sunan, ta goge, ta tura masa.

Sai ga tes ya faɗa wayar mai lambar nan. Wayar kuma, ku ji fa, ba ta Fiddausi ba ce. Ta surukarta ce, Inno, ita ce wayar gidan gaba ɗaya. Inno ba ta karatun boko. Ta ɗauka ta kai wa mai cajin waya na bakin masallaci, shi kuma ya gyara murya ya karanta a gaban masu jiran caji: "Fiddausi, cikinki ya shiga wata huɗu, gobe ranar awo." Kafin la'asar har masu tallan fura sun sani. Washegari labari ya iso kunnen Zinariya.

"Kai wane irin mutum ne?" Zinariya ta buga teburin Rilwanu. "Ina ka samo sunan? Na goge shi da hannuna!"

"Yaya, ki zauna mana, akwai mutane."

"Su ji! Ai ji ake yi yau. Ka tona wa baiwar Allah asiri, kana zaune kana cin gyaɗa!"

Rilwanu ya karkaɗe ɓawon gyaɗar daga cinyarsa, ya juyo mata da kwamfutar.

"Wanda kika turo bai tashi ba. Garin gogewa kin haɗa da wani layi. Na kira ki sau uku."

"Ina wurin bikin suna!"

"To ni mutanen asibiti na tsaye a kaina. Sai na duba tarihin gyaran, na ɗauko na farko, wanda ke aiki, na kunna masu."

"Wane tarihi?"

Ya danna. Ga shi nan kuwa, layin da ta goge, an shafa masa ja, amma kowane harafi na zaune daram. Shafin nan ba ya mantuwa. Duk abin da ka taɓa ɗorawa yana ajiye da shi, ya fi matan unguwa riƙe zance. Ita ma ta san haka, a aji aka koya masu. Sauri ne ya sa ta mance.

"Kuma da ka ga suna, ba ka da ido? Fiddausi nawa ka sani?"

"Wallahi na zaci na ƙarya ne. Wa ke gwaji da cikin gaske, Yaya?"

Nan sai fushin ya ƙaru, don yanzu ba ta san inda za ta sauke shi ba. Ta ce masa sakarai, ta ce masa mai kan kabewa. Ta fizgo kwamfutar ta share guntun ɗungurungum, da shi da tarihinsa. Rilwanu ya ce a hankali, "Na asibitin fa?" Kallon da ta yi masa ya sa ya koma kan gyaɗarsa.

Ta shiga motar Kurfi, daga can ta hau mashin zuwa Tamawa. A tsakar gida ta tarar da Inno ana ta yi mata barka, baki har kunne, tana cewa ita dama ta ga alama tun da yarinyar ta daina cin kuka. Ƙarya take, ba abin da ta gani.

Fiddausi na ɗaki a bakin gado, ta juya wa ƙofa baya.

"Ƙawata, wallahi na goge..."

"Mutum ɗaya na gaya mawa." Ba ta ɗaga murya ba. "Ke kika ce har kabari. Ashe cikin inji kika zuba ni."

"Kuskure ne, Rilwanu ne ya..."

"Rilwanu na gaya mawa? In wannan ma ya zube, ke za ki tsaya ki amsa gaisuwar mutanen Tamawa?"

Zinariya ta durƙusa. Fiddausi ta tashi ta ɗage mata labule, ta riƙe shi a buɗe har sai da Zinariya ta fita.

A tsakar gida Inno ta tare ta da waya a hannu, tana murmushi.

"'Yar nan, ke ce mai injin ko? Ki ce mashi in ya gano mace ce ko namiji, ni zai fara gaya mawa."