Dzo a Hawa na Uku

Mijina tela ne, yayansa kuma tsohon direban bas. Shekara tara ke nan Yaya bai taka gidanmu ba, saboda wata rigima da su kansu sun manta mafarinta. Abu ɗaya ya rage a tsakaninsu, allon wasan haɗa kalmomin Turanci da mahaifinsu ya bari. Duk Asabar maigidana zai rungumi allon ya hau bene hawa uku zuwa ɗakin Yaya, su zauna suna jera haruffa, ba gaisuwa, ba ruwan sha.

Dokarsu kuwa, Allah ya sawwaƙe! Duk wanda ya ajiye kalmar da ɗayan bai sani ba, ƙamus ba ya cetonsa. Sai ya kawo abin a hannu cikin mako guda. In ya kasa, allo ya zama na ɗayan, wasa ya ƙare har abada.

Da haka gidana ya cika da tarkace. Akwai zarf, wato mariƙin kofi na ƙarfe. Akwai zax, wani ɗan gatari na sassaƙa dutsen rufin ɗaki, mu da rufinmu kwano ne. Na yi magana har na gaji.

Wata Asabar maigida ya dawo jiki a sanyaye, ya zube kan kujera.

"Na ajiye dzo," in ji shi.

"Mene ne kuma dzo? Cokali ne?"

"Dabba ce. Uwarta saniya, ubanta wani bijimin kan tsauni mai gashi buzu-buzu."

Na ce, "Sannu da ƙoƙari, maigida! Kai da ko kaza ba ka taɓa kiwo ba."

Kwana biyar bai ci abincin kirki ba. Wallahi ya ba ni tausayi, don na san ba katakon allon yake wa wannan rama ba. Ranar Juma'a na dawo daga kasuwa na tarar da falona tsirara. Kafet ɗina mai gashi, wanda ko baƙo sai ya wanke ƙafa yake takawa, ga shi a bakin keken ɗinki. A tsakar gida kuma ga maraƙin mahaucin layinmu, an auna shi da tef har da alli a gadon baya.

Asabar muka hau da shi benen nan. Maigida yana ja, ni ina turawa ina zage-zage, maƙwabta sun cika taga. Maraƙi ya tsaya tsakiyar ɗakin Yaya cikin kafet mai maɓallai shida a ciki, ya kama cin labule.

Yaya ya sa tabarau ya zagaya shi sau biyu. Ya tsaya daidai inda dutsen guga ya taɓa ƙona kafet ɗin. Ya san tabon sarai, shi ya ƙona shi da hannunsa tun ana shiri. Ya shafa wurin ya daɗe.

"Dzo ne," in ji Yaya. "Na taɓa ganin mai maɓalli. Zauna mu yi wasa."

A wasan ranar Yaya ya ajiye okapi, wata dabbar daji mai zane-zane a ƙafafu.

Ran Talata da safe aka buga mana ƙofa. Na buɗe, sai ga Yaya riƙe da igiyar jakin mai kai itace, yana kallon ƙasa.

"Ƙanwata," ya ce, "labulen nan naki mai ratsi-ratsi yana nan? Kuma telan yana ciki?"