Sai Daga Faifan Farko

Tun da Humaira ta shiga sakandare ta daina hira da babanta. Tana dawowa gida sai ta toshe kunnuwa, ta ja ƙofa. Baban nata Abdulƙadir, direban tasi a unguwar Jamaica da ke kusa da Brooklyn, ya taɓa kara kunne a ƙofar, ya jiyo kiɗa, wani ƙato yana ihu a ciki kamar ana yanka shi. Hankalinsa ya tashi. Tsoronsa kada ya wayi gari 'yarsa ta zama baƙuwa a gidansa.

Wata safiya zai kai ta makaranta, ya ce, "Uwata, sa mana kiɗan nan naki a mota."

"Baba, ba za ka iya ba. 'Yan Japan ne fa."

"Ni da nake wuni cikin hon ɗin motocin garin nan?"

"To, sai dai daga faifan farko. Ba a fara su daga tsakiya."

Ta saki. Ganguna suka rufto kamar ƙanƙara a kan kwano, jita tana gurnani. Abdulƙadir ya yi ta a'uziyya a zuci, amma bai kashe ba. Humaira kuwa baki ya buɗe: wai lokacin samari ne su, a gareji suka ɗauki faifan, fushi ne fal cikinsu.

Kowace safiya sai faifai na gaba. A na uku mai ganga ya bar su, kiɗan ya lafa. Can gaba muryar mawaƙin ta dishe, ya koma rerawa a hankali, har da sarewa. Abdulƙadir ya ji sanyi a ransa. Ashe kowa da ranar hucewarsa.

Da aka iso na bana, sai ihu ya dawo, har ya fi na da.

"Haba! Ba sun yi hankali ba?"

"Ka dai saurara. Na da ihun fushi ne, wannan na murna. Mawaƙin fa sa'anka ne."

"Sa'ana? Da furfurarsa? Allah ya shirye shi!"

Ta yi dariya har da dukan gwiwa. A bakin makaranta ta buɗe ƙofa, amma ba ta fita ba.

"Za su yi wasa a Brooklyn watan gobe. Ba na son zuwa ni kaɗai."

"Akwai kujeru?"

"A tsaye ake yi, Baba."

Ya shafa ƙugunsa mai ciwo, ya dube ta.

"Nemo mana tikiti biyu. Mamanki kuma ki bar ni da ita."