Ranar Da Ta Fi Muni

"Barci fa?" in ji jami'ar, bakin bironta a kan takarda. "Tana samu?"

"Alhamdu lillahi, tana samu," uwar ta ce.

Jami'ar ta yi ɗan maki a akwatin farko. Kuma ba ƙarya uwar ta yi ba, yarinyar tana samun barci. Awa uku, wata rana biyu, ragowar lokacin kuma zagaye take yi tsakanin ƙofa da taga. Amma ba tsawonsa aka tambaye ta ba.

"Cin abinci?"

"Ba laifi."

"Takan ji wa kanta rauni, ko ta ji wa wani?"

"Ai da sauƙi yanzu."

Yarinyar tana zaune a ƙasa, gefen kujerar uwarta, tana yaga tsohuwar jarida siri-siri tana jerawa. Shekararta tara. Tsuntsuwa ake ce mata a gida, yayanta ne ya laƙaba mata, saboda yadda take kaɗa hannuwa idan abu ya yi mata daɗi. Likita ya ce lalurar da ke tare da ita otizim ake kiranta. Dangi kuwa kowa da sunan da ya ba shi, kowa da maganinsa, ba wanda ya taɓa cewa a bar masa ita na yini guda.

Wata goma sha huɗu uwar ta yi tana jiran wannan kujera. Cibiya ce ta kula da yara masu irin wannan lalura, shida take ɗauka a shekara, masu nema sun haura sittin. Wanda aka ɗauka zai samu malamar koyon magana, da mai koya masa cin abinci da saka kaya. Sau biyu a mako a riƙe yaro awa huɗu don iyaye su huta. Ranar Asabar akwai zaman iyaye, har yayye da ƙanne an ware musu nasu. Da aka karanta mata wannan duka ba ta ji murna ba. Ta daɗe da daina jin abubuwa, murna da baƙin ciki duk nesa suke tsaya mata, kamar rediyon maƙwabta.

Tambaya arba'in da biyu, amsa arba'in da biyu, kowacce a wanke a goge. Haka aka koya mata, haka kuma take yi wa kowa: surukarta, mai gidan burodin da take yi wa aikin safe, har mijinta idan ya bugo waya daga hanya da babbar motarsa. Ka tambaye ta jiki tana kan gadon asibiti ma, da sauƙi za ta ce maka.

Jami'ar ta haɗa lissafinta, ta cire tabarau ta bar shi yana lilo a ƙirjinta. Babbar mace ce, mai muryar da ba ta gaggawa.

"Maki goma sha ɗaya," ta ce. "Kwamiti ba ya ko buɗe takardar da ba ta kai talatin ba. A yadda kika gaya min, ’yarki ba ta buƙatar komai. Ni ce ma ya kamata in zo gidanki a taimake ni."

Jami'ar ta ture takardar gefe.

"Duk wanda ya zauna a kujerar nan lafiya lau yake. Wallahi har mamaki nake, ko iskar fankarmu kuke zuwa sha." Ta jawo aljihun tebur ta zaro sabuwar takarda. "’Yar’uwa, takardar nan ba ta san kawaici ba. Abin da kika ce shi take ɗauka. Mu sake. Amma ba yau nake so ki ba ni ba, ranar da ta fi muni nake so."

"A gabanta?"

"Sai in kira wata ta kai ta ɗakin wasa."

"Ba za ta bi ba. In baƙuwa ta kama ta, sai an yi awa guda ana jin ihunta har titi." Sannan uwar ta ƙara, "Mutane gani suke ba ta ji. Tana ji. Komai tana ji, faɗa ne kawai ba ta yi."

"To gobe da safe kwamiti zai zauna. Ba ni da wata ranar da zan ba ki."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, wani daga cikin masu layi ya leƙo ya koma. Uwar ta dubi sabuwar takardar. Shekara tara ba ta taɓa faɗin aibin yarinyar nan ba, ko a bayan idonta. Wasu sun faɗa, ita ba ta faɗa ba. Cikin duk abin da ta kasa yi mata, wannan ɗaya ne take ganin ta riƙe. Yanzu kuma shi ake so ta ajiye a kan tebur kafin a buɗe musu ƙofa.

Ta zame daga kujera ta durƙusa a bayan yarinyar.

"Tsuntsuwa, zan taɓa ki," ta ce a hankali, don ba a taɓa ta ba sanarwa. Ta ɗora tafukanta a kan kunnuwanta ta toshe. Kafaɗun yarinyar suka sandare. Uwar ta jira ihu, bai zo ba. Can sai ƙarar yagar jarida ta ci gaba.

"Rubuta, Malama," ta ce.

Ta faɗa kamar mai karanta jerin cefane. Abu uku kawai yarinyar ke ci: cikin burodi, farar shinkafa, ayaba. Idan shinkafa ta taɓa ayaba an gama cin abincin ranar. Kullum ƙofa a kulle take, mabuɗi a rataye a wuyan uwar, don sau biyu ana tsinto ta a tsakiyar titi. Tana buga kanta da bango. Yayanta ya daina kawo abokai gida. Ubansu yana karɓar tafiyar da ta fi kowacce nisa, ba ta kuma ga laifinsa ba, da ita ke da mota da ta karɓa.

"Cizo fa?"

"Hannuwana ba sa sakuwa. Zo ki ɗaga hannun rigata ki gani."

Jami'ar ta zagayo ta naɗe hannun rigar. Ta daɗe tana kallon tabon haƙoran, sannan ta mayar, ta koma ta rubuta.

"Ranar da ta fi muni kuwa," uwar ta ce, "ba ita ta yi ba, ni na yi. Watan jiya ne, a tashar bas. Wata mota ta danna hon, ta zube a ƙasa tana ihu. Mutane suka taru. Wani ya ce rashin tarbiyya ne, wata ta ce in ba ta ita kwana biyu ta gyara min. Sai bas ta zo. Na saki hannunta na shiga. Na samu kujera gefen taga na zauna. Sai da muka kai danja ta biyu na sauka."

Biron jami'ar ya tsaya.

"Kuma ban yi gudu ba, Malama. Takowa na yi. Na same ta inda na bar ta, wata mai sayar da ruwa tana tsaye a kanta. Ban ji tsoro ba, ban ji kunya ba. Ban ji komai ba. Har yau ban ji ba." Ta ɗago kai. "In ƙwace ta za ku yi, ku gaya min yanzu."

"Ba ma ƙwace yara," jami'ar ta ce. Ta ƙarasa rubutun, ta haɗa lissafi, ba ta faɗi adadin ba. "Ni ba ni ke yankewa ba. Amma da hannuna zan shiga da wannan gobe, kuma sunaye biyu zan sa a kai, nata da naki."

Uwar ta gyaɗa kai. Damatsanta sun gaji. Ba ta san ko tafin hannu yana tare magana ba, ba kuma wanda zai iya gaya mata. Ta janye hannuwanta a hankali, tana shirin miƙewa.

Yarinyar ta ajiye jaridar. Ba ta waiwayo ba. Ta miƙa hannu baya ta lalubo wuyan hannun uwarta na dama, ta lalubo na hagu, ta mayar da su kan kunnuwanta, ta danne da nata.

Aka sake ƙwanƙwasa ƙofa.

"A ɗan jira," in ji jami'ar.