Tukunyar Wankan Mero

Sista Zulaihatu ta gaji da kanwa, ta gaji da masu shan ta. Tun kafin Turawa su tattara nasu ya nasu take aikin ungozoma a ƙaramin asibitin Makarfi, kuma tun lokacin take bin gida-gida tana roƙon masu jego su rage kunun kanwa, su rage wuta a ƙarƙashin gado, su daina dafa jikinsu da tafasasshen ruwa safe da yamma. A gabanta kowa sai ya ce to. Kafin ta kai zaure an ƙara itace.

Yanzu kuma an ɗora mata wani aikin. Duk Laraba ana turo mata ɗaliban likita daga Zariya, wai ta shiga da su ƙauye su ga yadda mutane ke zaune kafin su fara rubuta musu magani. Yara ne masu ƙwaƙwalwa, amma har cire takalmi a bakin ɗaki sai an koya wa wasunsu, balle gaida tsohuwa har ta gaji don kanta.

Ran nan motar asibiti ta kai su Gubuchi, gidan wata tsohuwa Indo. 'Yarta Mero ta yi haihuwar fari, ta zo wanka gida. Sai da Sista ta nemi izinin mai gidan kafin ta shiga da ɗalibi guda, Zainulabidin, ɗan Kudan. Ɗakin ya ɗau zafi kamar tanda. Mero na zaune a jingine, don in ta kwanta numfashi yakan ƙi mata. Ƙafafunta sun kumbura, in ka danna yatsa sai ramin ya zauna.

Zainulabidin ya saurari ƙirjinta, ya ɗago ya dubi Sista. Ba ta bukatar a gaya mata. Zuciya ta gaza, ruwa ya taru a huhu. Ta je ta'aziyyar irin wannan har ta daina tuna sunaye. In aka bar Mero a ɗakin nan ba za ta ga arba'in ba.

Indo ta saurare su da ladabi, sannan ta ƙi. Ta ce sanyi ne ya shigi yarinya, maganinsa kuma ƙarin zafi. Ta nuna musu tulin itacen da Maiwada, mijin Mero, ya yi ta tarawa tun cikin yana ƙarami, ta ce da wane ido za ta dubi danginsa in aka ji ta yi wa 'yarta ƙwauron wanka.

"Ba a yanke wanka, Sista," in ji ta. "In ta tafi wurinku, wa zai dafa mata ruwa?"

Sista ta soma wa'azinta na kullum, ita kanta tana jin yadda muryarta ta tsufa da shi. Ba ta kai rabi ba Zainulabidin ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, in tukunyar ta bi ta fa?"

Sista ta galla masa harara, ta ja shi waje. Ta tambaye shi ko abin da ake koya musu a Zariya ke nan, a ɗauki abin da ke kashe mara lafiya a bi ta da shi har gadon asibiti. Ya sunkuyar da kai ya ce uwarsa ta yi wa yayyensa duka wannan wankan, kuma bai taɓa ganin wanda ya yi musu da ita a kansa ya ci ba. Shi dai yana so Mero ta shiga mota yau. Sista ta ja tsaki don haushi, ta ce a je a ɗauko tukunyar.

Haka aka loda tukunya da itace da ganyen runhu, aka sa Mero da jaririya da Indo. Sauran ɗaliban suka taka zuwa bakin hanya neman babbar mota, ana ta kumbure-kumbure.

A asibiti, bayan ɗakin mata Sista ta kafa murhu, bisa sharaɗin ita za ta riƙa haɗa ruwan. Da Indo ta juya sai ta sirka da na sanyi. Kunu ma ita ke damawa, ba ko ɗigon kanwa, in Indo ta ce salam yake sai ta ce kanwar asibiti ce haka take. Gadon ƙarfe kuwa ba a hura masa wuta. Likita ya zo daga Zariya ya rubuta allura da ƙwayoyi. Sista bayanta ya riƙe don ɗaukar ruwa, idanunta suka yi ja don hayaƙi, amma kumburin Mero ya sace. Wata safiya ta tarar da Mero kwance rigingine tana barci, ta tsaya ta daɗe tana kallon ta. Da ƙafarta Mero ta koma gida.

Indo kuwa ba ta bar kowa bai ji ba. Daga Gubuchi har Gazara labari ya bazu cewa Sista da kanta ke wankan jego, kuma wankan ne ya tashi Mero. Da maganar ta dawo kunnen Sista sai da ta ji kamar ta yi kuka. Shekarun da ta yi tana kashe murya, tsohuwa ɗaya ta share su a bakin rijiya. Ta gaya wa Zainulabidin haka, ba ta sassauta masa ba.

Larabar da ta biyo baya, ɗalibai na saukowa daga mota suka tarar da ita tsaye a ƙofar asibiti ta riƙe ƙugu. A gindin darbejiya ga masu jego a kan jakuna, ƙafafu a kumbure suna haki, kowacce da tsohuwarta da tukunyarta da daminta na itace. Irin matan da a da ba ta jin labarinsu sai ranar sadakar uku.

Ta dube su, ta dubi fararen rigunan ɗaliban, ta shafa bayanta.

"Ku tuɓe rigunan nan," ta ce. "Darasin yau hura wuta ne. Kai kuma Zainulabidin, tunda kai ka jawo mana, ɗebo ruwan sanyi ka ɓoye bayan ɗaki."