Ciwon da Mama Ba Ta Yi Ba

Shekarar da Auta ta gama jami'a ta shiga ƙungiyar a matsayin 'yar sa-kai. Ƙungiya ce ta ƙasa da ƙasa mai haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka. Aikinta na farko shi ne bin gida-gida da takarda da biro, tana tambayar mata sau nawa suke zuwa ɗiban ruwa a rana, kuma yara nawa suka yi gudawa a watan. Yayyenta suka riƙa tsokanarta a gida, wai ta yi digiri don ƙirga bokiti.

Shugabar shirin, wadda kowa a ofis yake kira Anti, ita ta fara lura da ita. Ta ga takardun Auta ba sa dawowa da gibi, ta ga kuma matan ƙauye suna gaya mata abin da suke ɓoye wa sauran ma'aikata. Sai ta jawo ta jiki. Ta koya mata rubuta rahoto, ta koya mata yadda ake magana da masu ba da tallafi, har da inda ake yin shiru a bar su su yi tambaya. Rahoton Auta na farko ya dawo jawur da jan biro, kamar an yanka kaza a kansa. Na biyar ya dawo babu ko ɗigo. Anti ta sa aka ɗauke ta aiki, daga baya ta zama jami'ar da ke kula da ƙauyuka goma sha bakwai. Har gida Anti take zuwa ta gaida Mama, mahaifiyar Auta, su zauna a tabarma ɗaya.

A shekara ta shida Auta ta ga ta tsaya wuri ɗaya. Kwantiragin shekara-shekara ne, kuma babu wata kujera a samanta sai ta Anti. Da wata babbar ƙungiya ta buɗe gurbin shugabar shiri a wani gari, Anti ce mutum ta farko da ta gaya wa. Anti ta rungume ta, ta gyara mata takardar neman aikin da hannunta, ta ce a sa sunanta cikin waɗanda za a tuntuɓa a kan halinta da aikinta. Auta ta tsallake jarabawa, ta tsallake ganawa biyu. A ta ƙarshen har aka tambaye ta yaushe za ta iya farawa. Sai shiru. Bayan mako uku saƙo ya zo, layi biyu, ana mata fatan alheri.

Ta yi kuka a ofishin Anti, Anti ta miƙo mata hankici ta ce lokaci ne bai yi ba. Shekara ta zagayo, wata ƙungiyar ta buɗe gurbi, aka sake yin haka.

Bayan nan aka tura Auta wani taron horarwa a otel. Lokacin shan shayi, tana tsaye da kofi a hannu, wani dattijo mai gilashi ya zo ya gaishe ta. Ta gane shi, yana cikin waɗanda suka gana da ita a ƙungiyar farko. Ya yaba bayanin da ta yi da safe, sannan ya rage murya.

"Ya jikin Mama? Da fatan an samu sauƙi."

Auta ta ce Mama lafiyarta ƙalau, ko dai ya ɗauke ta wata ce. Ya ce a'a, bai manta ta ba, domin ita ce ta zo ta ɗaya. Da suka kira shugabarta, ta yabe ta sosai, amma ta ce musu a asirce mahaifiyarta tana kwance da shanyewar ɓarin jiki, Auta ce mai jinya, ba za ta iya barin gari ba, kunya ce ta hana ta faɗa. Ta ma roƙe su kada su tayar mata da zancen. Yana cikin magana ya ga fuskarta, sai ya shiga juya cokali a kofin da ya riga ya shanye.

Ranar Litinin ta shiga ofishin Anti ta rufe ƙofa. Ba ta zauna ba. Ta maimaita abin da mutumin ya ce, kalma bayan kalma. Ta yi zaton Anti za ta musa, har ta shirya amsa. Anti ta cire gilashinta ta ajiye a kan fayil.

"Ƙanwata, idan kika tafi wa zai riƙe min ƙauyukan nan? Ana tsakiyar neman sabunta tallafi. Mutum talatin ne ke cin abinci a ofishin nan."

"Sai ki gaya min, Anti. Da kin ce in tsaya, wallahi da na tsaya."

Anti ta ce ai ba ta ɓata mata suna ba, yabo ta yi. Ta ce can ɗin ma ba su san darajar mutum ba, da sun murƙushe ta cikin wata shida. Auta ta tambaye ta ƙungiya ta biyun fa, me ta ce musu. Anti ta mayar da gilashinta ta dubi kwamfuta.

Da Auta ta koma gida ta tarar da Mama a tsakar gida tana shanya, tana faɗa da maƙwabciya ta kan katanga a kan wata kaza. Da ta ba ta labari, Mama ta fara da dariya, ta ɗaga hannu biyu tana juya su, ta ce a duba mata wane ɓarin ne ya mutu. Can dariyar ta tsaya. Ta zauna a kan turmi, ta ce Antin nan ko watan jiya ta zo ta ce a sa ta a addu'a, kuma ta sa ta.

Auta ba ta ajiye aiki ba, ba ta da inda za ta. Wata tara ta ƙara yi tana gaida Anti kowace safiya, tana kai mata rahoto ta sa hannu. Ta daina cin abincin rana a ofishinta, shi ke nan abin da mutane suka lura da shi. A ɓoye ta ci gaba da nema, ta sa sunan injiniyan rijiyoyi a madadin na Anti. Wurare biyu suka tambayi dalilin da ya sa babu sunan shugabarta, ta rasa amsar da ba za ta zama tonon asiri ba, suka wuce ta. Wata ƙaramar ƙungiya ce ta ɗauke ta a ƙarshe, a matsayin da bai kai wanda ta ci tun shekara biyu da suka wuce ba.

Ranar sallama aka taru a ɗakin taro da lemo da biskit. Anti ta yi jawabi mai tsawo, ta kira Auta 'yarta, ta ce ita ta raine ta da hannunta, tana hawaye. Hawayen na gaske ne, Auta ta gani, kuma hakan ya fi komai ci mata rai. Aka tafa, aka juyo ana jiranta. Ta miƙe ta gode wa direbobi, ta gode wa injiniya da matan ƙauyuka goma sha bakwai, ta gode wa Anti da ta koya mata rubuta rahoto. Ta zauna.

Sabon ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon magani, da fanka mai ƙara. Sati biyu da farawa, ma'aikaciyar da ke ƙarƙashinta ta shigo tana murza yatsu, ta ce ta ga wani gurbi a waje, ko za ta iya sa sunan Auta cikin waɗanda za a tuntuɓa a kanta. Auta ta ce ta sa. Yarinyar tana fita, ta tashi ta buɗe taga, ta tsaya tana kallon motoci har aka kira ta taro.