Yadda Na Ciyar da Surukata Fara

Shekara goma sha ɗaya ina rubuta shafin gyaran Turanci a wata jaridar Lahadi a Kampala. Duk mako nakan ɗauki abu guda, in faɗi aikinsa, in kawo misalai biyar. Malaman firamare kan yanke shafin su liƙa a allon sanarwa. A ofis Farfesa ake kirana, kuma sai da na shekara uku kafin na gane ba yabo ba ne.

A mako na biyu na Nuwamba na ɗauki even though, wato "duk da cewa". Na bayyana cewa yana haɗa magana biyu da ba a zaci za su zauna wuri ɗaya ba: ta farko ta sa maka tsammani, ta biyu ta rushe shi. In ya zo a farkon jumla, a sa waƙafi a tsakiya. Na kuma gargaɗi masu ƙara but a bayansa, laifin da rabin Kampala ke aikatawa tun kafin karin kumallo.

Editarmu, Madam Apio, tana da doka: ba John, ba Mary, ba jirgin ƙasan Landan. Sunaye namu, garuruwa namu. Misalai huɗu sun zo ba wahala. Duk da cewa fitila ta nuna ja, ɗan acaɓa ya wuce. Irin waɗannan. A na biyar na tsaya. Lokacin fara ne, masu talla na soyawa a ƙarƙashin tagar ofis, ƙamshi na hawowa. A kan tebur kuma akwai jerin waɗanda za mu gayyata kwanjular 'yata Prossy, ranar da za ta gabatar wa dangi mijin da za ta aura. Saura mako uku. Na ɗauki sunan farko a jerin na rubuta da Turanci: Duk da cewa ana ruwan sama, Nakalanzi ta tsaya a kasuwar Nyendo ta cinye fara kofi biyu.

Na karanta sau uku. Waƙafin yana wurinsa.

Ranar Litinin da safe matata, Nalubega, ta ajiye jaridar kusa da kofin shayina.

"Baban Prossy, karanta mini na biyar."

Na karanta, har da gyara murya.

"Wace Nakalanzi ce wannan?"

"Misali ne kawai."

"To. Wane dangi ke raɗa sunan Nakalanzi?"

Na ajiye kofin. Duk wanda ya tashi a Buganda ya san amsar tun kafin ya san haruffa. Sunan na dangin Fara ne, kuma mutum ba ya cin abin da danginsa ke amsa sunansa. Nakalanzi da ke jerin mahaifiyar matata ce. Shekararta saba'in da shida a unguwar Nyendo da ke Masaka, garin da fara ke zuba kamar ƙasa, ko ƙafar fara ba ta taɓa kaiwa baki ba.

"Ai Nakalanzi suna da yawa a Nyendo," na ce.

"Da yawa. Guda nawa ne surukinsu ke rubuta shafin?"

An karanta wa surukata jumlar a harabar coci, gaban matan ƙungiya. Wata ta tambaye ta ko da albasa aka soya. Kafin la'asar wani dattijon danginsu ya aiko a ji ko gaskiya ne. Saƙonta ya iso ta bakin ɗanta Lubega, yayan matata: ba za ta zo kwanjula ba. Prossy ta yi firamare a hannunta. Da ta ji, sai ta ce in kakarta ba za ta zo ba a ɗage ranar, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa a hankali. Na fi son a ce bugawa ta yi.

Ranar Laraba na hau motar haya zuwa Masaka, da zakara a kwali da yadin gomesi, rigar matan Buganda, a leda. Lubega ya tare ni a tasha.

"Muko, ka ga banza ta kai ka. Ku 'yan dangin Damisa kun huta, ba mai soya damisa yana aunawa a kofi a bakin titi."

Muko suke kiran mijin 'yar gida, kuma muko ba ya haɗa ido da surukarsa, ba ya taɓa hannunta, ba ya zama ɗaki ɗaya da ita. Shekara ashirin da bakwai da aurena, muryarta na sani da gefen zanenta. Aka ajiye mini kujera a bayan gida, ƙarƙashin tagar falo, kusa da ramin takin ayaba. Ita tana ciki. Lubega ya tsaya a ƙofar baya, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, don ya riƙa kai magana. Tazarar da ke tsakanina da ita ba ta wuce taku biyu ba. Har motsin cokalinta a kofi ina ji.

"Lubega, tambayi baƙonka, a ina ya gan ni?"

"Mama ta ce a ina ka gan ta."

"Ka ce mata ban gan ta ba. Misali ne na koyarwa."

"Ya ce ƙarya ya yi, Mama."

"Ban ce haka ba."

"Taƙaitawa nake yi, muko. Ba aikinku ke nan ba?"

Ta yi shekara talatin da ɗaya tana koyar da Turanci a aji shida, abin da ya kamata in tuna tun a mota.

"Tambaye shi sau nawa ya karanta kafin ya miƙa."

"Sau uku," na ce wa Lubega.

"Me yake dubawa?"

Zakaran ya motsa a kwali.

"Waƙafi."

Lubega bai kai wannan ba. Ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

"Waƙafin daidai yake," in ji ta. "Na duba. Faɗa masa jumlar ba ta da aibi, da ɗalibina ne da na ba shi maki. Kofi biyu ne ya fi ba ni mamaki. Ko ɗaya bai ishe ni ba a ganinsa?"

Ta karɓi zakaran, ta ce a mayar da yadin. A jarida aka ciyar da ita, in ji ta, a jarida za a wanke mata baki. In ta gani ranar Lahadi ya yi mata, za ta zo.

Madam Apio ta saurare ni har ƙarshe ba ta yi dariya ba, na kuma gode mata.

"Farfesa, akwatin gyara na labari ne. In na sa gyaran misali, gobe ɗan acaɓan nan zai zo ya ce fitilar kore ce. Shafinka naka ne. Yi abin da za ka yi a ciki."

Na rubuta sakin layi guda irin wanda na saba gyara wa wasu: muna nadamar duk wata damuwa da wataƙila misalin makon jiya ya jawo wa wasu masu karatu. Na karanta wa Lubega a waya, ya faɗa wa surukata, ina jin amsar kafin ya maimaita.

"Ta ce wannan irin haƙurin da ake ba mutane ne in an ɗauke wuta. Ta ce su waye wasu? Ka ɗauko biro, za ta faɗa maka."

Minti ashirin ina rubutu a tsaye. Ranar Lahadi shafin ya fito da kan magana, Even though: Darasi na Biyu, da misalai biyar, kowanne da sunana a ciki. Duk da cewa Kavuma ya shekara hamsin da huɗu, bai san sunayen dangi ba. Duk da cewa Kavuma bai taɓa ganin fuskar surukarsa ba, ya ce ya ga abin da ta ci. Duk da cewa Misis Nakalanzi ta Nyendo ba ta taɓa cin fara ba, Kavuma ya auna mata kofi biyu. Sauran biyun sun fi waɗannan zafi. Ban canza ko harafi ba. Na nema, ban sami abin gyarawa ba.

Wasiƙu arba'in da ɗaya suka shigo a makon, mafi yawa da shafin ya taɓa samu. Wani malami daga Mbale ya ce ɗalibansa ba su taɓa fahimtar darasi da sauri haka ba, ya roƙi a ci gaba da amfani da wannan Kavuman. Madam Apio ta liƙa wasiƙar a ƙofar ofishina.

Surukata ta iso Kampala ranar Alhamis, kwana biyu kafin biki, da damin ayaba uku da mata biyu daga ƙungiyar coci. An shirya za ta sauka gidan Lubega, amma a tasha ta ce wurin jikarta za ta kwana, tana da abubuwan da za ta faɗa mata. Suruka ba ta kwana rufi ɗaya da mijin 'yarta, don haka wani ne zai fita. Ba a yi shawara a kan ko wane ne ba.

Prossy da kanta ta kai mini katifa gareji, ta shimfiɗa tsakanin kujerun haya da buhunan gawayi.

"Baba, Kaka ta ce in tambaye ka ko kana buƙatar bargo."

"Ita ta ce?"

"Ta ce in tambayi baƙon Lubega."

Na ce a kawo biyu. Kwana huɗu na yi a can. Ta gefen ƙofar garejin na hango surukata ta baya ranar Asabar, lokacin da kakanni suka fito gaida baƙi, tana gaba, tana taka rawa a hankali.